Sharuɗɗan Taƙaita Gini a Filayen Zama: Abin da Ya Kamata Mai Fuloti a Tamale Ya Sani

Sau da yawa mutum yakan sayi fuloti, ya biya kuɗin goro, ya karɓi takarda, sai ya ɗauka daga ranar duk abin da ya ga dama zai iya ginawa a kai. Sai ya fara jera shaguna a gaban gida, ko ya ɗora bene, ko ya mayar da wurin makaranta, ya wayi gari ya tarar da jan fenti a jikin katanga ana umartarsa ya dakata, ko kuma sammaci ya same shi daga kotu. Galibin irin wannan rigima tushenta ɗaya ne: akwai wani sharaɗi da ke rataye a wuyan filin, wanda mai shi bai karanta ba, ko ya karanta ya raina. Wannan maƙala za ta yi bayanin ma'anar irin waɗannan sharuɗɗa, da asalinsu, da yadda suke aiki a Tamale, da abin da kotu ke dubawa idan aka kai ƙara, da kuma matsayin fiƙihu a kansu.

Ma'anarsa

Sharaɗin taƙaita gini alkawari ne da ake rubutawa a takardar sayarwa ko ta hayar fili, inda mai karɓa yake yarda cewa ba zai aikata wani abu a filin ba. Misali: ba zai gina komai ba sai gidan zama, ba zai raba fuloti gida biyu ba, ba zai wuce hawa kaza ba, ba zai buɗe masana'anta ko gidan rawa ba, ba zai kai gini bakin iyakar maƙwabci ba.

Masana shari'a sun raba alkawuran fili kashi biyu. Akwai na hani, wato «kada ka yi kaza», akwai kuma na aiki, wato «za ka yi kaza», kamar gina katanga ko gyara kwata. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin alkawarin hani yana iya bin filin duk hannun da ya shiga, ya ɗaure wanda bai taɓa ganin mai sayarwa na farko ba.

Asalinsa

Ƙa'idar ta fito ne daga Ingila, daga shari'ar Tulk da Moxhay ta shekarar 1848. Tulk yana da gidaje a kewayen dandalin Leicester a Landan. A 1808 ya sayar da lambun da ke tsakiyar dandalin ga wani mai suna Elms, da sharaɗin a bar shi fili ba gini. Lambun ya yi ta sauya hannu har ya kai ga Moxhay, wanda ya san da sharaɗin amma ya ce shi bai yi alkawari da kowa ba, don haka zai yi gini. Alƙali Cottenham ya hana shi. Hujjarsa ita ce, wanda ya sayi fili da sanin akwai sharaɗi a kansa ya same shi da rahusa saboda sharaɗin, ba adalci ba ne ya ci rahusar sannan ya yi watsi da abin da ya jawo ta.

Daga baya kotunan Ingila suka tsayar da iyakoki. A 1885, a shari'ar Austerberry, aka ce alkawarin aiki ba ya bin filin mallaka zuwa ga mai saye na gaba. A 1908, a shari'ar Elliston da Reacher, aka ce idan mai fili ɗaya ya yanka unguwa ya sayar da fulotai a kan sharuɗɗa iri ɗaya domin amfanin kowa, to kowane mai fuloti yana iya kai maƙwabcinsa ƙara idan ya saɓa.

Wannan fanni na shari'a ya shigo Ghana ta Dokar Kotun Ƙoli ta 1876, kuma sashe na 11 na Tsarin Mulkin 1992 ya lissafa shi cikin dokokin ƙasa. Shi ya sa har yau lauyoyi a Akra da Kumasi da Tamale suke kafa hujja da waɗannan tsofaffin hukunce-hukunce.

Wa ke da ƙasa a Tamale?

Ba a fahimtar sharaɗi sai an san wanda ya gindaya shi. Turawa sun mayar da Tamale hedikwatar Yankunan Arewa a 1907, kuma dokar 1927 ta sanya ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna. Bayan samun 'yancin kai a 1957 ta ci gaba da zama a hannun gwamnati, sai Tsarin Mulkin 1979 ya mayar da ita ga masu ita na asali, na 1992 kuma ya tabbatar da hakan a sashe na 257.

A ƙasar Dagbon sarakuna kan fata suke zama, shi ya sa doka take kiran filayensu «filayen fata», kamar yadda take kiran na Kudu «filayen kujera». Ya-Na da ke Yendi shi ne uban ƙasa, a ƙarƙashinsa kuma akwai sarakuna irin su Gulkpe-Na da Sarkin Sagnarigu, da sarakunan unguwanni da ƙauyuka waɗanda su ne mai neman fuloti yake fara zuwa wurinsu. Ban da waɗannan, akwai filayen da gwamnati ta karɓa domin ofisoshi da makarantu da gidajen ma'aikata, waɗanda Hukumar Filaye take kula da su.

Sashe na 267 na Tsarin Mulki ya ƙunshi abubuwa uku da suka shafi kowane mai fuloti. Na farko, sarki amana yake riƙe wa jama'arsa. Na biyu, ba a bayar da filin fata a matsayin mallaka ta har abada. Abin da mai saye yake samu haya ce mai tsawo, wadda a al'ada takan kai shekara 99 idan gidan zama ne. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa, sashe na 266 ya tsayar masa da shekara 50. Na uku, ba a bayar da filin ko a gina shi sai Hukumar Filaye ta jihar ta tabbatar cewa abin ya dace da tsarin gari. Kuɗin ƙasa na shekara-shekara da mai haya yake biya yana shiga Ofishin Kula da Filayen Sarauta: ofishin ya cire kashi 10 cikin 100, sauran a ba wa sarautar kashi 25, majalisar gargajiya kashi 20, majalisar gunduma kashi 55.

Ma'anar duk wannan ita ce, mafi yawan masu gidaje a Tamale a idon doka masu haya ne. A haya kuwa, alkawarin hani da na aiki duka suna bin wanda aka mayar wa takarda. Idan ka sayi gida daga hannun wani, sharuɗɗan da ya sa wa hannu shekara 30 da suka wuce sun hau kanka.

Wurare uku da sharaɗi yake fitowa

Na farko shi ne takardar rabo da fadar sarki take bayarwa. Ita ce takan ƙunshi lambar fuloti da sunan wanda aka ba, kuma sau da yawa takan ce a fara gini cikin ƙayyadadden lokaci, galibi shekara 2, in ba haka ba sarki ya karɓe. Kotun Ƙolin Ghana, a shari'ar Boateng da Manu, ta bayyana cewa irin wannan takarda matakin farko ce kawai, ba ita ce shaidar mallaka ba. Wanda ya tsaya a kanta bai gama aikinsa ba.

Na biyu shi ne takardar haya da ake yi wa rajista a Hukumar Filaye. A nan ne ake samun sharuɗɗa dalla-dalla: a yi amfani da filin domin zama kaɗai, a biya kuɗin ƙasa, kada a mayar wa wani ba da iznin mai ƙasa ba, kada a yi abin da zai dami maƙwabta. Gidajen da kamfanoni ko hukumomi suka gina suka sayar, irin na rukunin gidaje, sukan ƙara da nasu, kamar hana sauya fasalin gaban gida.

Na uku shi ne tsarin gari. Wannan ba alkawari ba ne tsakanin mutum biyu, doka ce. Dokar Amfani da Ƙasa da Tsara Gari ta 2016, mai lamba 925, ita ce ta maye gurbin tsohuwar dokar 1945, kuma a ƙarƙashinta kowace majalisa tana da kwamitin da ke ware wurin zama, da na kasuwanci, da na makaranta, da na ibada, da hanya, da filin da za a bari a buɗe. Dokar Ƙananan Hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta hana yin gini ba da famit ba, ta kuma ba majalisa ikon dakatarwa da rushewa. A Tamale wannan iko yana hannun Majalisar Birnin Tamale da Majalisar Sagnarigu, wadda aka yanke daga cikinta a 2012.

Waɗannan ukun kowanne zaman kansa yake yi. Famit daga majalisa ba ya shafe sharaɗin da ke takardar haya, yardar sarki kuma ba ta maye gurbin famit. Mutane da yawa a nan suke faɗawa rami: su samu ɗaya su ɗauka sun samu duka.

Rigingimun da aka fi samu

Ƙidayar 2021 ta nuna mutum sama da 370,000 a yankin Majalisar Birnin Tamale, da sama da 340,000 a Sagnarigu. Gonakin jiya sun zama unguwanni, gidan da ke bakin titin Bolgatanga ko na Kumasi kuma ya fi daraja a matsayin shago fiye da ɗakin kwana. Daga nan rigingimu suke tasowa.

Akwai mayar da gidan zama wurin sana'a: shaguna, masauƙin baƙi, injin niƙa, garejin walda, gidan mai. Akwai ƙwace fuloti saboda jinkirin gini, wanda ya fi cin matafiya da 'yan kasuwar da suka saya suka ajiye, su dawo su tarar an ba wani. Akwai bene da tagarsa ke leƙa tsakar gidan maƙwabci. Akwai cin hanya ko toshe magudanar ruwa, wanda illarsa ba ta bayyana sai damina ta kankama. Akwai sayar da filin da tsarin gari ya ware wa makaranta ko kasuwa. Akwai kuma gina wurin ibada, masallaci ne ko coci, a fulotin da aka rubuta na zama ne.

Wa ke da ikon kai ƙara?

Mai ƙasa, wato sarauta ko gwamnati ko kamfanin da ya bayar da haya, yana da ikon neman a cika sharaɗin da ke takardarsa. Majalisa tana da ikon zartar da tsarin gari. Maƙwabci kuwa matsayinsa ya fi rauni. Kasancewar an rubuta «zama kaɗai» a takardar maƙwabcinka ba ya ba ka ikon kai shi ƙara a kan wannan sharaɗi, sai idan ka nuna an gindaya shi ne domin amfanin filinka, ko kuma unguwar duka a kan tsari ɗaya aka yanka ta, kamar yadda aka faɗa a shari'ar 1908. Idan babu wannan, ƙofa biyu suka rage masa: ya kai kuka majalisa, ko ya shigar da ƙarar cutarwa idan hayaƙi, ƙara, wari ko ruwa suna hana shi jin daɗin gidansa. A batun ƙara, ma'aunin hukumar kare muhalli ta Ghana a unguwar zama shi ne desibel 55 da rana, 48 da dare.

Kotu takan duba abubuwa kamar haka: me kalmomin sharaɗin suka ce, shin wanda ake ƙara ya san da shi lokacin saye, kuma rajista a Hukumar Filaye sanarwa ce ga kowa, shin mai ƙara ya yi magana da wuri ko ya zuba ido har gini ya kai rufi, shin unguwar ta riga ta sauya har sharaɗin ya rasa amfani. Wanda ya ga ana zuba tubali ya yi shiru shekara da shekaru ya raunana hujjarsa da kansa. Dokar Ƙayyade Lokaci ta 1972 ma ta sanya shekara 12 a matsayin wa'adin neman dawo da fili.

Irin hukuncin da ake yankewa

Mafi sauƙi shi ne umarnin dakatar da aiki kafin a gama shari'a. Daga nan sai umarnin hani na dindindin, ko na rushewa, ko diyya. Misalai biyu daga Ingila sun nuna yadda ma'aunin yake. A shari'ar Wrotham Park ta 1974, wani kamfani ya gina gidaje 14 a filin da sharaɗi ya hana. Alƙali ya ƙi bayar da umarnin rushewa domin ɓarna ce a rushe gidajen da mutane ke buƙata, amma ya ci kamfanin fam 2,500, wato kashi 5 cikin 100 na ribar da ya yi tsammani. A 2020 kuwa, a shari'ar gidauniyar Alexander Devine, wani kamfani ya gina gidaje 13 kusa da filin da aka bayar domin gidan jinyar yara masu ciwon ajali, da sanin akwai sharaɗi, sannan ya nemi a sassauta masa. Kotun Ƙolin Birtaniya ta ƙi, domin da gangan ya saɓa, yana fatan ginin da ya riga ya tsaya zai tilasta wa kowa haƙuri.

Hukunci mafi nauyi shi ne ƙwace haya. A nan dokar Ghana ta kare mai haya. Dokar Mayar da Mallaka ta 1973 ta tanadi cewa mai ƙasa ba zai ƙwace ba sai ya ba da sanarwa a rubuce, ya ambaci laifin, ya nemi a gyara idan mai gyaruwa ne, ya ba da lokaci gwargwado. Mai haya kuma yana iya roƙon kotu ta ɗage masa ƙwacen. Dokar Ƙasa ta 2020, mai lamba 1036, wadda ta maye gurbinta, ta riƙe wannan kariya. Don haka sayar wa wani fulotinka a ɓoye da sunan ka yi jinkirin gini abu ne da ake iya ƙalubalanta. Dokar 2020 ta kuma haramta amfani da 'yan daba wajen tsare fili ko korar mai gini, da hukuncin ɗaurin shekara 5 zuwa 15.

Ba kowace rigima ce sai kotu ba. Dokar Sasanci ta 2010, mai lamba 798, ta amince da sulhun gargajiya idan ɓangarorin biyu sun yarda da shi, Dokar Ƙasa kuma ta tanadi sakatariyar filaye a masarautu domin ajiye bayanai da sasanta ƙananan saɓani.

Sharuɗɗan da ba a zartarwa

Ba duk abin da aka rubuta ne yake zama hujja ba. A Amurka an daɗe ana rubuta sharaɗin hana sayar wa baƙar fata gida. A 1945 iyalin Shelley suka sayi gida a birnin St. Louis da ke ɗauke da irin wannan sharaɗi tun 1911, maƙwabta suka kai ƙara. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta ce kotu ba za ta zartar da shi ba, dokar gidaje ta 1968 kuma ta haramta shi gaba ɗaya. A Ghana, sashe na 17 na Tsarin Mulki ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, addini, jinsi ko launi, Dokar Ƙasa ta 2020 kuma ta ɓata duk al'adar fili da ke nuna irin wannan bambanci. Wannan yana da muhimmanci ga mazauna zango. Sharaɗin da ya ce «zama kaɗai» ya shafi amfanin fili, ana zartar da shi a kan kowa. Wanda ya ce «ban da ƙabila kaza» ko «ban da mai addini kaza» ya shafi mutum, ba shi da gindin tsayawa.

Matsayin fiƙihu

Kotunan Ghana ba da fiƙihu suke yanke shari'ar fili ba, amma Musulmi yana buƙatar sanin abin da ke wuyansa. Farkon Suratul Ma'ida umarni ne da cika alkawura. A babin sharaɗi cikin ciniki malamai sukan kawo ƙissa biyu: ta Jabir ɗan Abdullahi, wanda ya sayar wa Manzon Allah (SAW) raƙuminsa da sharaɗin ya hau shi har Madina, aka yarda, da ta Barira, wadda masu ita suka gindaya sharaɗin da ya saɓa wa shari'a, aka ɓata shi. Daga nan aka fahimci cewa sharaɗi mai amfani wanda bai halatta haram ba ana cika shi. Malikiyya sun tsananta a kan sharaɗin da ke rushe manufar ciniki, kamar a sayar maka da abu a ce ba za ka taɓa sayarwa ko kyautarwa ba. Amma fulotin Tamale haya ce, kuma a haya mai abu yana da damar ƙayyade irin amfanin da za a yi da shi.

Ko babu takarda, haƙƙin maƙwabci yana nan. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibanmu suke karantawa, ta hana buɗe taga da za ta yaye sirrin maƙwabci da haƙa abin da zai cutar da shi. Ibn al-Rami, wani magini a Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini mai suna Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. A ƙasar Hausa, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi a kan hanyoyin mallakar ƙasa. A mashahurin zance na mazhaba ana hana sabon hayaƙi da wari da leƙe, amma ba a hana mutum ɗaga gininsa don kawai ya tare wa maƙwabci iska ko haske. A nan ne sharaɗin da aka rubuta yake ƙara abin da asalin hukunci bai wajabta ba: idan ka sa hannu cewa ba za ka wuce hawa ɗaya ba, alkawari ya ɗaure ka.

Kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya su lura da wannan musamman. Kyakkyawar niyya ba ta ɗauke sharaɗi. Filin masallacin Madina na marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu, kuma saye aka yi, ba a karɓa haka nan ba. Malaman Malikiyya sun hana ladan hawa hasumiyar da ke leƙa gidajen mutane, duk da cewa aikin ibada ya kai shi. Idan bawan Allah ya ba da fulotinsa waƙafi, a nemi yardar mai ƙasa a rubuce, a shigar da buƙatar sauya amfani a majalisa, a sanar da maƙwabta, sannan a yi rajista da sunan amintattun ƙungiya, kada a bar shi da sunan mutum ɗaya har magada su taso.

Kafin a saya, kafin a gina

A yi bincike a Hukumar Filaye domin sanin ko an riga an ba wani filin da kuma sharuɗɗan da ke kansa. A je sashen tsara gari na majalisa a ga abin da aka ware wurin dominsa. A ɗauki safiyo mai lasisi ya tabbatar da iyaka. A karanta takardar haya duka, wanda bai iya Turanci ba ya nemi lauya ko amintacce ya fassara masa kafin ya dangwala. A mayar da takardar rabo cikakkiyar haya mai rajista, a riƙa biyan kuɗin ƙasa ana ajiye rasit. Idan wa'adin gini zai cika kuma hali bai samu ba, a koma fada a nemi ƙarin lokaci a rubuce. Wanda kuma ya ga maƙwabci ya fara abin da zai cutar da shi, ya yi masa magana tun ana haƙa harsashi, ya sa dattawan unguwa da liman a tsakani kafin a kai ga hukuma, domin gyara zane ya fi rushe bene sauƙi.

Allah Ya ba mu ikon cika alkawari da kiyaye haƙƙin maƙwabta. Allah ne Mafi sani.